Ƙara Wa Katangar Bayan Gida Tsawo Da Gora: Amsa Ga Wani Magidanci

Tambaya: Assalamu alaikum. A Kaduna nake, gidan nawa ne na kaina. Maƙwabcina na baya ya ɗora bene, yanzu tagoginsa na sama suna kallon bayan gidana inda iyali ke girki da wanki. Katangar ta bulo ce mai inci 6, tsayinta ƙafa 7, tsawonta wajen ƙafa 40. Na ga yadda ake jera gora a wuraren shaƙatawa a Abuja, abin ya ba ni sha'awa. Zan iya ɗora ta a kan katangar? Yaya ake yi, kuma za ta daɗe?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Za a iya, kuma idan aikin ya yi kyau ya fi tsohon kwanon da mutane ke kafawa kyan gani nesa ba kusa ba. Amma kada ka tafi kasuwa tukuna. Sayen gora shi ne na ƙarshe a wannan aiki. Abin da zai sa ka mori kuɗinka ko ka yi da-na-sani abu biyu ne, kuma duk ana gama su kafin gora ta shigo gidan: sanin tsayin da kake buƙata, da abin da zai riƙe ta ranar da iska ta taso.

Tsayin ba da ka ake yanke shi ba, aunawa ake yi. Ka samo doguwar sanda ka ɗaura mata tsumma yadda zai riƙa zamewa sama da ƙasa. Yaro ya tsayar da ita a jikin katanga, kai kuma ka je daidai inda uwargida ke tsayawa a bakin murhu, ka rage tsawo ka daidaita idonka da nata, ka dubi saman tagar benen. Yaron ya yi ta ɗaga tsumman da wata sandar har sai ya rufe maka saman tagar. Inda ya tsaya, nan shingen zai kai. Ka sake yi daga wurin wanki, daga ƙofar banɗaki, daga igiyar shanya. Wurin da kai ba ka hango tagar, wanda ke tagar ma ba ya hango ka.

Za ka ga abin da yawancin mutane ba su zata ba: wanda ya fi nisa da katanga shi ya fi fitowa fili. A ce idon mai leƙe yana ƙafa 15 daga ƙasa, tagarsa kuma tana ƙafa 10 bayan katangarka. Mai tsayin ƙafa 5 da ke tsaye ƙafa 3 daga katanga, katangar yanzu ma ta kusa rufe ta, ƙafa 7 da 'yan inci kawai ake nema. Idan ta matsa zuwa ƙafa 10, sai shingen ya kai ƙafa 10, wato ƙarin ƙafa 3. Idan tana can ƙafa 30, kusa da ƙofar ɗaki, sai ya kai ƙafa 12 da rabi. Ka ga kenan ƙarin tsayi yana rufe gindin katanga ne, ba ya rufe tsakar gida duka.

Shi ya sa ni nake tsayawa a ƙarin ƙafa 3. Idan awonka ya nuna fiye da haka, ka bar katanga a ƙarin ƙafa 3, sauran ka nemo shi ta wata hanya: rumfar gora a saman wurin girki, ko ɗan shinge mai ƙafa 6 da rabi a tsaye dab da wurin wanki ta ɓangaren benen. Ɗan shinge kusa da mutum yana yin aikin da dogo daga nesa ba zai yi ba, ga sauƙin kuɗi. Haka kuma ba lallai ne ka bi duk ƙafa 40 ɗin ba. Sau da yawa taga biyu ce ke damun mutum, sai a rufe ƙafa 15 ko 20 da ke fuskantarsu a bar saura iska ta riƙa shigowa, don za ka neme ta a watan Afrilu.

Kafin duk wannan ma, ka yi sallama da maƙwabcin. Gilashi mai duhu wanda ba a gani ta cikinsa, ko 'yar kariya a rabin tagarsa na ƙasa, sun fi duk abin da za ka yi ta naka ɓangaren araha, kuma su ne ke kashe matsalar daga tushe. Ba roƙon alfarma ba ne kawai. A Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu an kawo buɗe taga kusa wadda za a riƙa tsinkayar maƙwabci ta cikinta a cikin cutarwar da ba a yi wa maƙwabci. Sai kuma ka tabbatar katangar ta wa ce. Idan tasa ce ko ta haɗin gwiwa ce, akwai hadisin Abu Huraira da ya ce kada maƙwabci ya hana maƙwabcinsa kafa itace a bangonsa, sai dai a Malikiyya ana ɗaukarsa a matsayin abin so ne, alƙali ba ya tilasta shi. Don haka a nemi izini. Katangar baya ba kasafai hukuma ke magana a kanta ba, amma idan wani sashe yana bakin titi ko kana cikin rukunin gidaje masu dokokinsu, ka tambayi KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, ko masu kula da rukunin kafin ka kafa komai.

Yanzu iska, wadda ita ce ke kayar da irin wannan aiki. Ƙafa 3 sau ƙafa 40 ya kama murabba'in mita 11 da ɗoriya. Idan iskar farkon damina ta kai gudun kilomita 100 a awa, tana danna kowane murabba'in mita da nauyin da ya kusa kilo 50. Ka tara, ya haura rabin tan. Kuma ƙarfin iska ba a hankali yake hawa ba: gudunta ya ninka biyu, ƙarfinta ya ninka huɗu. Abin da ya fi muni shi ne inda nauyin yake sauka, can a ƙololuwa. Ka san yadda ake tuge turke, ba daga gindi ake kama shi ba, daga sama ake girgiza shi har ƙasa ta sake shi. Haka iska za ta yi wa katangarka idan ka kafa ƙarafa a layin bulo na sama. Bulo mai inci 6 rami ne a cikinsa, namansa siriri ne, da yawa kuma siminti bai ishe shi ba tun daga wurin bugawa. Layi biyu na sama za su tsage su biyo gorar, kuma ba ka da tabbacin ta wane ɓangare za su faɗo.

Saboda haka kada katanga ta ɗauki kayan. A kafa dirkoki masu zaman kansu daga ƙasa, ta cikin gidanka, dab da jikin katangar. Bututun ƙarfe mai inci 2 mai kauri ya isa, ko ƙarfen angul mai nauyi. A haƙa rami ƙafa 2 da rabi, a zuba kankare, a bar tazarar ƙafa 6 zuwa 7 tsakanin dirka da dirka. A ƙafa 40 dirka bakwai kenan. Inda katangar take da ginshiƙin kankare mai rodi, a nan za a iya ɗaure dirkar da ita da noti. Inda bulo ne zalla, a bar su kowa ya tsaya da ƙafarsa. Mai walda ya haɗa ƙarfe biyu a kwance tsakanin dirkokin, ɗaya inci 6 sama da kan katanga, ɗaya inci 6 ƙasa da inda gora za ta ƙare. Ya toshe bakin kowane bututu don kada ruwa ya taru a ciki ya cinye shi daga gindi. A shafa jan fentin hana tsatsa sau biyu, a bi da baƙi ko ruwan ƙasa. Mutane na tambayata ko katako ba zai yi ba. Zai yi na ɗan lokaci, amma katakon da aka binne a ƙasar Kaduna gayyatar gara ne, ko an shafe shi da maganin gara na Solignum sai an riƙa sabuntawa. In dai itace ake so, azara ce kawai nake yarda da ita.

Sai zaɓen gorar. Idan ka je 'yan katako za a nuna maka abu uku, kuma ba ɗaya ba ne. Akwai babbar gora mai faɗin rami da ake kawowa daga kudu, wadda magina ke tokare dekin da ita. Masana tsirrai na kiranta Bambusa vulgaris. Ita ta fi yawa, ta fi sauƙin tsagawa biyu, amma ita ce ƙwari suka fi so saboda yawan sitacin da ke cikinta. Akwai tamu ta daji, siririya, mai ɗan ƙaramin rami ko ma babu, wadda ake sandar makiyaya da ita, Oxytenanthera abyssinica, da ke fitowa daga Senegal har Habasha. Ta fi nauyi, ta fi jure fari, kuma a jere ta fi kyau, sai dai za ka sayi da yawa. Na ukun gwangwala ce, wadda reshen tukurwa ne, ba gora ba. Cikinta taushi ne, ba ta da gaɓoɓi, ba ta da nauyi. Ta yi kyau a gado da kujera da silin a inuwa, amma a saman katanga inda ruwa da rana za su yi ta dukanta ba ta kai gora kwana.

Ko wacce ka ɗauka, ka nemi wadda ta ƙosa, mai shekara 3 zuwa 5. Sabuwar tofo tana da sheƙi, da ɗan farin gari a jikinta, da ɓawon ganye manne a gaɓoɓi. Wannan ruwa ce zalla, tana bushewa za ta motse ta yamutse. Ƙosasshiya launinta ya dushe, jikinta da tabo-tabo, in ka ƙwanƙwasa ta za ka ji ƙara mai kauri. Lokacin sara ma yana da tasiri. Wadda aka sare da kaka, bayan ɗaukewar ruwa, sitacinta ya ragu domin sabbin tofo sun shanye shi da damina. Wadda aka sare a ƙarshen rani cike take da shi. Za a yi maka tayin gorar da aka sauke daga gini bayan an cire dekin, a rabin kuɗi. Araha ba ta ado. Yawancinta ɗanya aka saro ta, ƙusa ta farfasa ta, siminti ya bushe a jikinta. Ta yi rumfar awaki, ba ta yi inda za ka riƙa kallo kullum ba.

Lissafin yawa ba wuya. Siririya mai kaurin inci 1 da kwata, ƙafa 40 za ta ci guntaye wajen 380. Babba mai inci 2 da rabi idan aka tsaga ta biyu, tsagi 190 ne, wato guntaye 95. Ka raba da yawan guntayen da kowace doguwa za ta ba ka, sannan ka ƙara kashi 15 cikin ɗari saboda karkatattu da waɗanda za su fashe.

Abokin gabar gora na farko ba gara ba ne, musamman tunda taka tana sama nesa da ƙasa. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne mai huda ta, wanda za ka gane shigarsa da ƙananan huji kamar na allura da gari mai laushi yana zuba a ƙasa. Sitacin yake bi. Hanyar da aka gada ita ce a nutsar da gorar ɗanya cikin ruwa wata ɗaya zuwa biyu, a danne ta da duwatsu, ruwan ya jiƙe sitacin ya fitar. Tana aiki gwargwado, sai dai wari, kuma ba ta hana gara. Wadda ta fi ita ce boraks da hodar borik asid, ana samunsu wurin masu sayar da sinadarai. A narka kilo 3 na boraks da kilo 2 na borik a lita 100 na ruwa, da ɗumi ya fi saurin narkewa. A haƙa ɗan dogon rami a shimfiɗa tamfol, ko a tsaga durom a tsaye, a nutsar da guntayen. Tsagaggiya mako ɗaya ya ishe ta. Wadda ba a tsaga ba sai an soka rodi ta ciki an fasa gaɓoɓin don ruwan ya ratsa, ta kwana 10 zuwa 14. A soko rodin daga gindi, a bar gaɓar ƙarshe ta sama a rufe, za ka ga amfaninta nan gaba. Maganin yana shiga ne ta danshin da ke jikin gorar, don haka da ɗanya ake yi. Wadda ta bushe ƙamas ba ta sha sosai. A hana yara da dabbobi zuwa wurin, ragowar ruwan kuma kada a zuba shi a gindin shuka ko kusa da rijiya.

Ga wani abu da masu sayarwa ba za su gaya maka ba: boraks ruwa ne ya kai shi ciki, ruwan sama kuma yana iya fito da shi a hankali. Shi ya sa shafa mai daga baya ba ado ba ne kawai.

Bayan jiƙo sai shanya, a inuwa, wata ɗaya da rabi zuwa biyu, a ɗora kan itatuwa yadda iska za ta ratsa. Wannan ne matakin da gaggawa ke ɓatawa. Gorar da ta taso daga damshin kudu aka kafa ta ɗanya ta shiga hunturun arewa, za ka riƙa jin fashewarta da dare kamar ana harbi. Ta motse, ɗaurin ya yi sako-sako, tsakanin kowace biyu ya buɗe har a ga mutum. Idan ka sayo da kaka, ka jiƙa, ka shanya cikin hunturu, ka kafa a Fabrairu ko Maris, ka riga hadarin farko.

Wajen kafawa, ƙusa haramun ce a jikin gora, in ji masu sana'ar. Zarenta a tsaye yake, ƙusa na shiga za ta tsage ta har gaɓa. A huda da injin huji tukuna, hujin ya ɗan fi sukurun faɗi, a sa washa, a ɗaure a hankali ba tare da an matse ta har ta yi ƙara ba. Ga siririya ɗauri ya fi sauƙi: farar waya marar tsatsa, a zagaye kowace gora da ƙarfen kwance a murɗe ta baya da filaya. Kada a yarda da baƙar wayar da ake ɗaure rodi da ita. Damina ɗaya za ta yi tsatsa, ta zubo da jan zane a jikin gorar da katangar, ta biyu ta tsinke. A yanka da zarto mai ƙananan haƙora, kowane guntu a yanke shi dab da saman gaɓa, yadda gaɓar za ta zama murfi. Wanda aka yanke a tsakiyar rami ya zama kofi, ruwa ya kwanta ciki, ruɓa ta fara daga nan, sauro da rina su samu gida. Gindin gorar kada ya zauna a kan katanga. A bar inci 1 ko 2, ko kuma a sauko da shi ta fuskar katangar ya rufe ta da inci 4, wanda ya fi kyan gani kuma ba ya barin kafar leƙe. A ja igiya a sama don kawunan su daidaita. Tunda kowace gora gindinta ya fi kanta kauri, a riƙa aunawa bayan kowace goma, in ba haka ba kafin a kai ƙarshe jerin ya kwanta gefe. Daga ƙarshe a kifa rabin babbar gora a kan kawunan tun daga farko har ƙarshe. Wannan hular kaɗai tana ƙara wa aikin shekaru.

Gora ba ta miƙe kamar bututu ba, dole a samu 'yan kafofi. Da rana ba a ganin komai ta cikinsu daga nesa, amma da dare idan fitila na kunne a tsakar gida, wanda ke cikin duhu yana ganin motsi. Idan da tsagi kake aiki, a jera layi ɗaya cikinsu na kallon waje, a kifa na biyu a kan mahaɗarsu. Ido ba ya ratsawa, iska kuma tana samun 'yar hanya. Zai ci ninki biyu na gora. Mai sauƙin kuɗi shi ne a ɗaura zana ko koren ragar lambu ta baya, a riƙa canzawa in ta mutu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne leda ko tamfol, don sun toshe iska gaba ɗaya, sun mayar da kai kan lissafin rabin tan ɗin nan.

Akwai kuma wadda ake sayarwa a naɗe, an riga an shiƙa ta da waya, ita ce galibi kake gani a wuraren shaƙatawar. Kafa ta aikin yini ɗaya ne: a warware, a ja ta miƙe, a ɗaure ta da ƙarfen kwance kowace ƙafa ɗaya. Sai dai ka duba da kyau, da yawa ba gora ba ce, siraran kara ne irin na asabari, kuma wayar cikinta ce ke fara mutuwa.

Fatar gora tana da santsi da wani kakin halitta wanda ba ya barin fenti ya kama. Ko a goge ta da samfefa, ko a bar ta wata biyu zuwa uku rana ta cinye santsin, sannan a shafa. Banish mai sheƙi yana da kyau a watan farko, daga nan rana ta fasa shi ya riƙa ɓarewa, kuma kankare shi daga gora ɗari uku ba ƙaramin aiki ba ne. Man katako mai shiga jiki ya fi, a shafa siriri sau biyu, a maimaita kowace shekara kafin damina. Baƙin mai na mota yana korar ƙwari, amma ga wari, ga baƙanta kayan shanya, ga ƙara wa wuta ƙarfi, ban ba ka shawararsa a inda ake girki ba. Maganar wuta kuwa ka riƙe ta da gaske: busasshiyar gora a hunturu ba ta jira. Murhu da janareta su yi nesa da ita aƙalla ƙafa 6, kada wayar lantarki ta bi ta jikinta, kuma ka leƙa bayan katangar ka ga ko nan ake ƙona shara.

Batun daɗewa, wadda ba a yi wa komai ba shekara 2 zuwa 3 ce a waje. Wadda ta ƙosa, aka jiƙa, aka yi mata hula, ake shafa mata mai, tana iya kai 7 ko fiye. Launin zinaren nan da ya ba ka sha'awa ba zai zauna ba, cikin shekara guda za ta koma toka-toka, mai yana rage saurin hakan ne kawai. Dirkokin ƙarfen su ne dukiyar, za su ga gora zubi uku ko huɗu, kuma canjin ba ya wuce kwance waya da ɗaura sabuwa. Ka sani kuma ido take tarewa, ba ɓarawo ba. Ƙarfen kwancen ma mataki ne ga mai haurowa, don haka ya kasance ta cikin gida, santsin gorar ya kalli waje.

Wasu za su ce ka shuka gorar kawai ta yi maka shinge mai rai. Ruwan Kaduna ya ishe ta, amma sai ta shekara 3 zuwa 4 kafin ta rufe, tana zubar da ganye da rani daidai lokacin da aka fi zama a waje, kuma gindinta yana faɗaɗa kowace shekara. Idan filin bayan gidan bai kai ka ba ta ƙafa 5 daga katanga da ramin masai ba, ka bar wannan shawarar.